Majinginar da Mariyam Ta Sa Aka Ƙera

Mariyam ƴar Matamai ce, can ƙasar Damagaram, aure ne ya kawo ta Yamai. Mijinta Yakuba mutumin Madawa ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya. A tashar Matamai ya fara ganin ta tana taya uwarta sayar da abinci, ya ci tuwo sau uku a yini guda don dai ya sami abin da zai ce mata. Ita ma ta so shi. Da aka ɗaura aure ya ɗauko ta a gaban mota da akwatinta da tukwanenta, suka sauka a Kirkissoye, hayin kogi, a wani gidan haya mai ɗaki biyu. Nan suka yi shekara ashirin da biyu. Ta haifi uku, biyu suka koma tun suna goye, Ramatou kaɗai ta tsaya.

Daga baya Yakuba ya koma jigilar katako daga Kwatano zuwa kasuwar Katako. Tafiya ɗaya takan ci mako biyu, wani lokaci uku. Mariyam kuwa ba ta iya zaman naɗe hannu ba. Ta kama yin dambu da zogale, tana ƙetare gada ta kai wa ma'aikatan ofisoshin gwamnati da tsakar rana. Masu taksi suka riƙa yi mata ƙorafi, wai robobinta na cin wuri, wai mai na zuba a kujera. Da Yakuba ya gaji da jin labarin, sai ya sayo mata wani jan moto na hannu, wato babur. Shi ya koya mata a filin bayan unguwa, ƙaton mutum yana bin ta da gudu yana haki yana cewa ta saki birki. Sau biyu ta faɗi, bututun hayaƙi ya ƙone ta a ƙwauri. A mako na uku ta ƙetare gada ita kaɗai.

Cikin zafin bazarar 2022, Yakuba ya gama sauke kaya a Katako, ya tsuguna zai yi alwalar la'asar, sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya kife a wurin. Likitoci suka ce hawan jini ne. Ya yi mako uku a asibiti, ya fito ɓarin hagu a shanye, baki a karkace, harshe ya yi nauyi. In ya yi magana, Mariyam kaɗai ke gane abin da yake cewa. Aka ce a riƙa kawo shi ɗakin motsa jiki, wanda suke kira kine, Litinin da Laraba da Juma'a. Aka ce in an dage, ƙila ƙafar ta taka.

Kai shi ɗin ne ya zama aiki. Taksi ba ya shiga lungunsu saboda yashi, sai an rirriƙo Yakuba har bakin kwalta. In an samu motar, da wasu ake cika ta, shi kuwa miyau na zubo masa ba ya ji. Wata rana wani fasinja ya janye rigarsa, ya ce wa direba wani abu da Zabarmanci. Yakuba ya yi shekara talatin a hanya, babu Zabarmancin da ba ya ji. Da suka dawo gida ya ce shi da taksi har abada.

Mariyam ta ce to moto. Ranar farko maƙwabta suka ɗora mata shi a baya, ta ɗauko zane ta ɗaure shi a jikinta, ta ƙulle a ƙirji. Suna fita lungu wata tsohuwa ta ce, ba da mugun nufi ba, "A'a, Mariyam an samu goyo." Ba su yi nisa ba ta ji bayan wuyanta ya jiƙe. Ta ɗauka miyau ne. Sai da suka tsaya a bakin gada ta waiga ta ga kuka yake yi. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƴaƴansu.

Washegari ta tafi Katako wurin Tanimu, mai liƙin ƙarfe. Tsohon abokin Yakuba ne, shi ke gyara masa jikin kamiyo. Ta faɗa masa abin da take so.

"Abin da zai jingina, Malam Tanimu. Ya zauna da kansa kamar kowa. Ban so a sake ganin zane."

Tanimu ya zo har gida, ya auna bayan abokinsa da igiya, suna ta zolayar juna. Cikin kwana huɗu ya ƙera majingina: bututun ƙarfe ya lanƙwasa kamar kan ƙofa, ya sa allon katako, ya shimfiɗa soso, ya lulluɓe da fatar tsohuwar kujerar mota. Ya ƙara wani ƙarfe ta hagu don ya tare kafaɗar da ta mutu, ya sa ɗamara irin ta mota. Ya kafe duka a kan ƙarfen ɗaukar kaya na bayan moto da bulon huɗu, wato kusoshi masu noti. Da aka zaunar da Yakuba, ya gyara hularsa da hannun dama, ya ce wani abu. Tanimu ya dubi Mariyam.

"Ya ce ko gwamna albarka," in ji ta.

Haka suka yi shekara da wata huɗu. Ranar kine, Mariyam kan tashi da asuba ta turara dambu, bakwai ta ɗauki miji su ƙetare gada, goma su dawo, ta sauke shi ta ba shi magani, ta ɗora robobi ta sake ƙetarewa. Sau huɗu a yini. Ta rame, gwiwoyinta suka fara ƙara. Shi kuwa direba ba ya barin hali: daga baya yake tuƙin. In ta matsa kusa da babbar mota sai ya dafa mata kafaɗa, in ta yi gudu ya yi gyaran murya. Wani lokaci abin ya ba ta haushi ta ce, "Malam, ko in sauka ka karɓa?" Sai ta ji dariyarsa na girgiza moton. Kuma jiki ya fara amsawa. Ya soma tsayawa da sanda, yana jan ƙafa daga ɗaki zuwa inuwa.

Shi ne ya fara jin majinginar na motsi. Yakuba mutum ne mai nauyi, nauyin nan duka hagu yake kwantawa, hanyar unguwarsu kuwa rami bisa rami. Wata safiya ya ce ta ɗauko masa akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya zauna bisa tabarma, ya nuna mata kile, wato sifana, mai lamba goma sha uku, ya nuna mata yadda za ta riƙe kan bulon da kile ɗaya ta murɗa ƙasan da ɗayan. Ya sa ta yanka tsohuwar robar cikin taya ta cusa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ya ce kada ta ɗaure ɗaya ta gama, ta riƙa zagayawa kaɗan-kaɗan har huɗun su kama tare. In ta gama sai ya sa ta kawo moton kusa, ya kama majinginar da hannunsa mai lafiya ya jijjiga. In ya gyaɗa kai, a tafi.

Da farko ɗauri ɗaya kan kai wata guda. Sannan ya koma mako. Da daminar 2023 ta kankama, sai da ta kai kullum ne. Wata Lahadi tana murɗa bulon na hagu ta ji yana juyawa ba ya kamawa. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa, ta goge laka da bakin zane. Ƙarfen da majinginar ke zaune a kai ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, daga ramin bulon har gefe.

Ba ta tsaya wata-wata ba, ta hau ta tafi Katako. Ta tarar da Tanimu zaune bisa benci yana fifita da kwali, injinsa a lulluɓe da buhu. Lokacin ne, bayan juyin mulki, aka rufe iyakoki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, gari ya koma samun wuta loto-loto. Tanimu ya duba tsagar, ya sa farce, ya yi tsaki.

"Maman Ramatou, wannan ba aikin kile ba ne. Sai an yanke nan, an liƙa sabon ƙarfe."

"To a yi."

"Da me? Tun jiya da hantsi rabonmu da wuta."

Ta zauna jira. Ta yi azahar a wurin, ta yi la'asar. Wutar ta zo ana kiran magariba, kafin Tanimu ya jawo waya ta sake tafiya. Litinin ta hana Yakuba zuwa kine, ta koma Katako bayan ta sayar da dambu. Babu wuta. Suka zaga wurin wani mai liƙi da ke da injin janareta, suka tarar da ƙofofi da tagogin mutane jingine sun kai ashirin suna jiran layi, mai wurin ya ce ko ubansa ne sai wani mako. Talata ma haka. Da yamma Tanimu ya ɗauko waya mai kauri ya naɗe tsagar, ya murɗe da filaya, ya bi da roba ya ɗaure tam.

"Wannan don robobinki ne," ya ce. "Zai riƙe dambu. Ba zai riƙe Yakuba ba. Kin ji ni? Kada ki ɗauke shi sai na liƙa."

"Na ji."

Ta faɗa wa Yakuba yadda aka yi. Laraba da safe ta fito daga madafa ta same shi zaune a bakin ƙofa, ya sa riga da kansa, a karkace, ya ɗora hula. A makon da ya wuce ne yatsunsa biyu na hagu suka motsa a karon farko, matar da ke motsa masa jiki ta yi ta tafa hannu, ta ce yanzu ne ba a son fashi ko na rana ɗaya.

"Malam, Tanimu ya hana."

Ya ce ta kawo moton.

"Mu nemi taksi, yau kaɗai."

Ya kawar da kai. Ta san wannan kawar da kan. Ta turo moton gabansa, ya kama majinginar ya jijjiga, ya sake jijjigawa da ƙarfi. Ba ta motsa ba, wayar Tanimu ta kama. Ya dube ta ya ce, a hankali yadda kalmomin za su fito sarai, "Mu tafi."

Ta tsaya riƙe da kan moto. Ta san abin da ta gani a ƙarƙashin wayar nan. Ta kuma san mutumin da ke gabanta ya yi kwana biyu yana kallon yatsunsa yana ƙoƙarin motsa su. Ta kira maƙwabci ya taya ta ɗora shi, ta ɗaure masa ɗamara.

Lafiya lau suka je. Tafiyar hawainiya ta yi, har masu mota na yi mata oda a kan gada. A ɗakin kine Yakuba ya riƙe ƙwallon roba da yatsu uku. A hanyar dawowa yana ta magana a bayanta, rabi tana ji rabi iska na ɗauka, wai in ya warke ba zai koma Kwatano ba, taksi zai nema, kuma duk mai ciwo gaba zai sa shi.

An yi ruwa da asuba, jar hanyar da ta shiga unguwa ta zama tafki. Mariyam ta san ramukan hanyar nan kamar tafin hannunta, ta bi gefen dama inda ƙasa ke da tauri. Sai ga amalanken jaki ya fito daga lungu da lodin itace. Ta kauce hagu. Tayar gaba ta wuce, ta baya ta faɗa rami. Ta ji ƙas, ba da ƙarfi ba, kamar an karya kara. Sai moton ya yi sakayau a ƙarƙashinta.

Da ta waiga, Yakuba na kwance rigingine cikin jan ruwa, majinginar a ƙarƙashinsa, ɗamarar na nan ɗaure a cikinsa yadda ta ɗaure ta. Hannunsa na dama a sama, yana neman abin kamawa. Ta saki moton ya faɗi. Ba ta san ta yi ihu ba, sai daga baya aka faɗa mata an ji ta har bakin kwalta.

Ƙashin ƙugunsa na hagu ya karye, ƙeyarsa ta fashe. Likitoci suka ɗinke kan, suka ce aikin ƙugun sai jininsa ya sauka, a jira. Kwana biyu bayan haka yayansa Isma'ila ya iso daga Madawa. Dattijo ne mai gonar albasa, dama tun can bai taɓa son zancen moton nan ba. Ya gaida ƙanensa, ya daɗe tsaye yana kallon sa, sannan ya juyo.

"Ke kika tuƙa?"

"Ni ce, Yaya."

"An ce mai gyara ya hana ki."

"Ya hana ni."

"To?"

Ta sunkuyar da kai. Isma'ila bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara talatin yaron nan yana jan babbar mota, ko akuya bai taɓa takewa ba. Sai ga shi matarsa ta zubar da shi cikin kwata kamar buhun gawayi."

Yakuba ya buga ƙarfen gado da hannun dama. Ya yi magana, ya maimaita, jijiyar wuyansa ta tashi. Tun faɗuwar harshen ya ƙara nauyi. Isma'ila ya sunkuya ya kasa kunne, ya ɗago.

"Me yake cewa?"

Mariyam ta ji sarai. Cewa yake, ni na ce mu tafi. Ta dubi Isma'ila, ta san in maganar nan ta fito daga bakinta ba za ta yi nauyin komai ba. Ita kanta ba ta ga ta wanke ta ba, tunda ita ta ga tsagar da idonta.

"Ruwa yake so," ta ce.

Ta zuba a kofi ta kai masa baki. Ya ture hannunta, ruwan ya zube a zanen gado, ya juya fuska bango. Ranar bai sake yi mata magana ba.

Isma'ila ya ce ba za a zauna jiran wuƙar likita ba, akwai maɗori a ƙauyensu da ya ɗora ƙashin mutane da na raƙuma. Mariyam ta roƙa a bari, ta ce tafiyar ta yi nisa. Ya ce ta riga ta yi nata. Aka shimfiɗa katifa a bayan wata mota, aka yi yini guda a hanya, kowane rami Yakuba sai ya yi nishi. Ramatou aka bar ta wurin maƙwabta saboda makaranta.

Maɗorin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja, ya ɗaure da kara, ya yi tofi. Ƙashin bai kama ba. Kwanciya ta huda wa Yakuba baya, zazzaɓi ya shiga. Mariyam ke juya shi, ita ke wanke gyambon, ita ke ba shi kunu da cokali. Matan gidan ba su zage ta ba, ba su kuma zauna inda take ba. In ta shigo madafa hira ta mutu. Yakuba dai ya huce tun a mako na farko. Wani lokaci in tana goge masa jiki yakan kama bakin mayafinta da hannun dama ya riƙe. Yatsun hagun ba su ƙara motsi ba. Ya cika bayan mako bakwai, da hantsi, farkon kaka, mata na sussukar sabon gero a bayan gida. Tana bakin rijiya tana wanke zanen gadonsa aka zo aka kira ta.

A can ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da ya rasu. Ranar da ta fita Isma'ila ya sa aka ɗora mata buhun albasa da na gero a mota, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ce amin. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Ta dawo Kirkissoye ta tarar da moton jingine a ɗaki, tayoyi a sace. Ta sa aka yi masa iska ta kai wa Tanimu. Da ya hango ta ya miƙe, ya yi mata gaisuwa idonsa a ƙasa.

"Da na sani, da na riƙe moton nan a wurina ranar Talatar."

"Da ya aike ni aron wani, Malam Tanimu. Ka san abokinka."

"In sake ƙera wata?"

"A'a. Ka liƙa wurin kaya kawai."

Akwai wuta ranar. Ya yanke ƙarfen da ya tsage, ya auna sabo, ya sa baƙin gilashi a ido. Mariyam ta juya baya saboda tartsatsi. Ko rubu'in awa bai cika ba ya ce an gama. Ta tsaya tana kallon wurin liƙin yana hucewa, ta kasa cewa an gode, shi ma bai jira ba.

Ta koma sana'arta. Wasu masu sayen sun koma wurin wata, wasu sun dawo. Ba ta ƙara ɗaukar mutum a moto ba, ko Ramatou ce sai dai ta shiga motar haya. A mako na biyu da komawarta wani tsohon mai gadi a ƙofar wata ma'aikata ya miƙo kwanonsa, ya ce, "Kwana biyu, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Ya rasu. Tun kaka."

"Ayya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Ya dubi ludayinta. "Ƙara mini yaji."

Ta ƙara masa. Akwai mutum huɗu a bayansa suna jira.